Ƙorafi Kan Kashe Sabar Asibitin Gwaram da Rasuwar Barira Sabo

Daga: Edith Mark,
Shugabar Ungozomomi,
Asibitin Gidauniyar Rumfar Lafiya, Reshen Gwaram,
Jihar Jigawa.

17 ga Oktoba, 2022.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Gidauniyar Rumfar Lafiya,
Hedikwata, Abuja.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KASHE SABAR RESHEN GWARAM DAGA HEDIKWATA, RASUWAR MALAMA BARIRA SABO TA DINGAYA, DA DAKATAR DA MALAM SAIFULLAHI BARAU

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi gabanka kai tsaye, saboda takardu biyu da na aika ta ofishin shiyya da ke Birnin Kudu ba a amsa ko ɗaya ba. Ni ungozoma ce, kuma na daɗe ina aiki a Gwaram. Ban karanci kwamfuta ba. Abin da zan faɗa game da na'ura shi ne abin da aka bayyana mini, da abin da na gani da idona.

1. Kamar yadda mai girma Shugaba ya sani, babu likita a reshenmu. Idan mace mai ciki ta zo awo, mukan ɗauki hoton cikinta, mu tura wa Dakta Godfrey Micah a Birnin Kudu ta hanyar saba, wato ma'ajiyar da ke karɓar hotunan ta miƙa masa. Wannan saba ba wani akwatin ƙarfe ba ce da ke ɗakinmu. Wani yanki ne aka yanka mana a cikin manyan na'urorin Gidauniya, kamar yadda aka yanka wa kowane reshe nasa. Ƙa'idar aikinmu ita ce, idan likita ya ga matsala zai buga mana waya a ranar. Idan bai kira ba, to cikin matar lafiya yake.

2. Kafin watan Maris na bana, jami'in kwamfuta na shiyya, Malam Saifullahi Barau, shi ke kula da sabobin Gwaram da Sara da Surko daga Birnin Kudu. Yana ganin wadda ta tsaya, yana iya tayar da ita. A watan Maris aka kawo sabuwar manhaja wadda ta tattara sabobin dukkan rassan Gidauniya a allo guda a hedikwata, aka kuma karɓe ikon da ke hannun jami'an shiyya. An ce mana an yi haka ne don tsaro da saukin aiki, kuma ba mu yi musu ba. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne an saka wa manhajar umarnin ta kashe duk sabar da aiki ya yi ƙaranci a kanta. Ranka ya daɗe, a watan Agusta mata suna gona, rafuka sun cika, hanyoyin ƙauyukanmu sun yanke. Kowace shekara haka awo yake raguwa. Manhajar ta ga raguwar, ta kashe sabarmu ranar 5 ga Agusta. Ba wanda ya sanar da mu. Allonmu kuwa ya ci gaba da nuna koriyar alama cewa hoto ya tafi.

3. Ranar Talata, 9 ga Agusta, Malama Barira, matar Malam Sabo manomi daga Dingaya, ta zo awo da tsohon ciki. Haihuwarta ta huɗu ke nan da take jira. Mace ce mai fara'a wadda ba ta taɓa tsallake ranar awo ba, har takan taho da maƙwabtanta masu jin nauyin zuwa. Ta ce ta ɗan ga jini sau ɗaya amma ya tsaya. Abokiyar aikina Rebecca ta ɗauki hoto ta tura, alama ta nuna ya tafi. Muka jira kiran likita har aka tashi, bai kira ba. Bisa ƙa'ida, na ce wa Barira ta koma gida, idan akwai wani abu za mu aika mata. Ta yi godiya, ta hau babur ɗin ƙanin mijinta suka tafi.

4. Shirun likita ya yi yawa har ya dame ni, don haka na kira shi ranar Laraba, 17 ga Agusta. Ya ce rabon da ya ga hoto daga Gwaram tun farkon wata, ya ɗauka ruwa ne ya hana mata fitowa. A ranar Malam Saifullahi ya hau babur ya zo har Gwaram, ya bincika, ya tabbatar sabar ce a kashe, hotunan kuma suna maƙale a hanya, ba mu iya buɗe su, likita ma ba ya iya. Ya kira hedikwata a gabana. Aka ce ya shigar da koke ta manhaja, za a duba idan layi ya zo kansa. Ya shigar. Ya sake kira washegari, aka ce wanda ke da izinin tayar da saba yana wurin taron horaswa, mataimakinsa kuma ba ya taɓa sabar reshe sai da sa hannun shugabansa. Malam Saifullahi ya faɗa musu hotunan mata masu ciki ne. Aka ce an rubuta.

5. Da na ga haka sai na aika ƙauyuka a kira duk matan da muka ɗauka hoto su dawo, mu tura su Birnin Kudu a sake dubawa. Saƙon bai isa Dingaya ba sai ranar Juma'a. Barira ta yi shirin zuwa ranar Litinin. Ranar Asabar, 20 ga Agusta, da hantsi, jini ya ɓalle mata tana cikin aikin gida. Rafi ya cika, mota ba ta shiga. Mijinta da 'yan'uwansa suka ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki suka haye da ita, suka samu mai a-kori-kura a ɗaya gefen. Lokacin da suka iso ƙofarmu ta riga ta rasu, ita da abin da ke cikinta. Ni na karɓe ta, ni na rufe ta da zane.

6. Ranar Litinin, 22 ga Agusta, aka tayar da sabar daga Abuja. An gaya mini aikin bai wuce danna maɓalli ba. Hotunan suka isa ga Dakta Godfrey gaba ɗaya. Da ya buɗe na Barira, ya ga mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa. Ya ce da ya gani a ranar, da ya sa an kawo ta Birnin Kudu an kwantar da ita har a yi mata tiyata. Mun san rai na hannun Allah, amma mun kuma san abin da aka ɗauke mu aiki mu yi.

7. Abin da ya biyo baya shi ya fi sa ni rubuta wannan takarda. Ranar 5 ga Satumba hedikwata ta dakatar da Malam Saifullahi bisa zargin sakaci da sabar shiyyarsa, alhali hedikwatar ce ta karɓe masa ikon ganinta tun watan Maris. Yana zaune a gida da iyalinsa, mutanen unguwarsu suna kallonsa a matsayin wanda ya jawo mutuwar mace. Rahoton da aka fitar ya kira abin da ya faru ɗan tsaikon aiki, bai ambaci sunan Barira ba ko sau ɗaya. A iya sanina, umarnin kashe sabobi yana nan daram har yau, kuma reshen Sara ya fi namu ƙarancin mutane. Matan Dingaya kuwa sun daina zuwa awo. Da na bi su, wata dattijuwa ta ce sun ji na'urarmu tana cewa lafiya lau ko da ba lafiya.

Saboda haka nake roƙon mai girma Shugaba da ya sa a cire sabobin asibitoci daga wannan umarni ba tare da jinkiri ba, a gyara allonmu ya daina nuna hoto ya tafi sai ya isa hannun likita, a kuma mayar wa jami'an shiyya ikon tayar da sabar da ta tsaya. Ina roƙon a janye dakatarwar Malam Saifullahi Barau a wanke sunansa a rubuce, sannan a kafa kwamitin binciken da ba sashen kwamfuta na hedikwata ne zai jagoranta ba. Ina kuma ganin ya dace wani babba daga Gidauniya ya taka zuwa Dingaya ya yi wa iyalin ta'aziyya.

Akwai roƙo na ƙarshe, wanda ba nawa ba ne. Bayan addu'ar arba'in Malam Sabo ya zo asibiti. Bai yi faɗa ba, bai nemi komai a kan kowa ba. Ya zauna a bencin da mata ke jiran awo, ya ce mini, "Sista, an ce kun ɗauki hoton yaron. Ina so in gan shi." Na je zan buga masa, sai na tarar an kulle fayil ɗin marigayiyar daga hedikwata, ba ya buɗuwa sai da izini. Na shigar da koke ta manhaja, na ce masa ya dawo. Ya dawo sau biyu. Ina roƙon a buɗe fayil ɗin kafin ya sake zuwa.

Ina gabatar da wannan cikin ladabi da biyayya, a shirye kuma nake in maimaita kowace kalma a gaban duk wanda aka naɗa. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya.

Taka mai biyayya,

Edith Mark,
Shugabar Ungozomomi, Reshen Gwaram.

Kwafi zuwa ga: Dakta Godfrey Micah, Birnin Kudu, Malam Saifullahi Barau.