Marsandi Mai Ƙofa Biyu

Muhibba,

Na fita da sassafe, ba zan iya haɗa ido da Innarki ba.

Kin ce in sayi motar iyali, na kafe sai tsohuwar Marsandin nan mai ƙofa biyu, wai zan gyara abata. Ga shi jiya Inna ta ƙi zama a gaba kusa da suruki, sai da ta rarrafa baya da ciwon gwiwarta, 'yan suna na kallo. Ko uffan ba ta ce ba. Da ma zagina ta yi.

Ki ba ta haƙuri. Makulli yana kan firij, Kazeem bakanike zai zo daga Sabon Gari ya tafi da motar, na haƙura da ita.

In ya fara yabon injin, kar ki kira ni. Na san halina.

Hamzat