Kiryar da ke tsakiyar ruwa

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
14 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Yayana Lawan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara maka juriyar ruwan saman Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta dawo wajena da zama, ƙafar ce dai ke damunta, bakin kuwa yana nan yadda ka bar shi.

Ka san soja sun koma bariki, farar hula sun shigo da kwamitoci. Ɗaya daga ciki an ɗora masa farfaɗo da wurin shaƙatawar nan na bakin dam, wanda ruwansa ya cinye ƙauyenmu, Kwarin Maƙera. Sun buga ɗan littafin tarihin wurin, da takarda mai sheƙi. A shafi na biyu na karanta cewa kafin zuwan dam babu kowa a kwarin sai namun daji. Na karanta wa Gwaggo. Ta tambaye ni ita wace iri ce a cikinsu.

Da a takarda abin ya tsaya, da na haƙura. Ka tuna busasshiyar kiryar da kanta ke leƙowa idan ruwa ya janye da rani? Ka san a gindinta maƙabartarmu take. Shekara ashirin da biyar ke nan Gwaggo na shiga kwalekwale, a ɗaure shi jikin reshen, ta yi wa su Inna, kakarmu, addu'a. Yanzu kwamiti ya ce itacen zai fasa jiragen 'yan yawon buɗe ido, za a sare shi ƙarshen wata. Jiragen ba su iso ba tukuna. Zarton ya iso.

Na kai ta ofishinsu a Tarauni. Shugaban, Alhaji Tanko, ya karɓe mu da fara'a har da lemo. Gwaggo ta lissafa masa gidajen garin tun daga bakin maƙera har rijiya, da sunan duk wanda ke kwance a gindin kiryar. Ya saurara, ya yaba ƙwaƙwalwarta, sannan ya ce wannan ai labarin baka ne, su hujja suke bukata wadda za a maƙala a fayil. Na ce digirina na tarihi da irin wannan labarin na same shi. Ya ce shi ya sa nake koyarwa, shi yake shugabanci.

To, Yaya, hujjar tana wajenka: hoton Baba a tsaye gindin kiryar, kaburbura a bayansa, wanda ka ɗauke daga bangon ɗaki ka ce aro ne. Ka ba direban mota mai zuwa tashar Unguwa Uku, kar ka sa a gidan waya. Tun da muka dawo Gwaggo ba ta ƙara zagin kowa ba, wannan ne ya tsorata ni. Jiya ta ce idan aka sare, ruwa duk iri ɗaya ne, ba ta san inda za ta tsaya ta gaida uwarta ba.

Ka gaida Anti Bilkisu, da Husaina, da maƙwabciyarku Maman Ebere. Idan hoton ya ɓata, kar ka rubuto mini. Ka taho da kanka kafin ƙarshen wata, ka shiga kwalekwalen da ita.

Ƙanwarka,
Hasana