Maganin da Baba Yake Jira

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa daga wadda ta daɗe ba ta ga gida ba. Yaya jikin Baba? Yaya bayanki da kika ce yana damunki tun da kika fara ɗaga shi ke kaɗai? Ina fata maigidanki da yara duk suna lafiya. Ni lafiya lau, sai kewa.

Na san za ki ce ga Auta da takarda kamar ba a ƙirƙiro waya ba. To, a waya kina katse ni, in yi fushi in ajiye. A takarda dole ki saurara har ƙarshe.

Kin ce Baba ya sake tambaya yaushe za a sa shi cikin gwajin maganin nan. Yaya, ba zan iya ba. Ni nake jagorantar binciken, kuma ƙa'idar aikin ta hana in sa nawa. Ba rashin tausayi ba ne. Aikinmu da ido ake yin sa. Mai ciwon karkarwa zai zo, in ce ya buɗe hannu ya rufe, ya taka zuwa ƙarshen baranda ya juyo, ni ina tsaye ina ba shi maki. Rabin mutanen maganin gaske suke sha, rabi kuma ƙwayar da babu komai a cikinta. Kamanninsu ɗaya, kuma daga ni har su ba wanda ya san wa ke shan wanne sai an gama. Yanzu ki ce Baba ne ke takowa a barandar nan. Wallahi zan ga sauƙin da babu, in rubuta shi, in ɓata wahalar mutane masu yawa.

Kin tambayi yadda nake rayuwa. Daga asibiti sai ɗaki. Tukunya ɗaya gare ni, kofi ɗaya, kujera biyu, ɗayar takardu ne a kanta. Maƙwabciyata da tarinta kawai na san ta. Aikin ma ya lalata mini ido, ba na ganin mutum sai tafiyarsa. Kwanan baya na bi wani dattijo daga tashar mota har bakin kanti don hannunsa na hagu ba ya lilo, ina ta shirya yadda zan ce masa ya je asibiti. Ashe ƙwai ya rungume a cikin riga. Na yi dariya sosai, na waiga in ba wani labari, ba kowa.

Ki ce wa Baba ya ƙara haƙuri, an kusa. Ranar da aka tabbatar maganin yana aiki, shi ne na farko da zan kawo wa da hannuna. Don Allah ki sa babban ɗanki ya ɗaukar mini bidiyonsa yana tafiya daga gado zuwa ƙofa.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta


Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki. Allah ya ba ki ladan wannan ɗawainiya.

Bidiyon ya iso. Kin yi gaskiya da kika ce na roƙi bidiyon kamar likita ba kamar 'ya ba, don ban ankara ba sai ga biro a hannuna. Na ga yadda ƙafafunsa suka manne a bakin ƙofa. Na ga kin tsaya a bayansa kin buɗe hannuwa, wato ya sha faɗuwa ba ki gaya mini ba. Na ji muryarsa ta koma ciki. Mutumin da in ya kira sunana daga shagon kafintancinsa har ƙarshen layi ake ji. Kafin bidiyon ya ƙare na gama ba shi maki a kaina, kuma ban so abin da na samu ba.

A makon da ya wuce aka buɗe sakamakon gwajin. Mai lissafinmu ya shigo ɗakin taro da kwamfuta a hammata yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Yaya, maganin ya yi aiki. Ba ya warkarwa, amma yana rage wa ciwon gudu. Farfesa, shugaban sashenmu, wanda tunda nake ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya tashi yana gaisawa da kowa har da mai shara. Aka kawo lemo da biskit.

Ga abin da ban iya faɗa a waya ba. Waɗanda ciwon bai yi nisa da su ba, su kaɗai ya taimaka. Waɗanda suka fara faɗuwa, ba abin da ya ƙara musu sai jiri da ruɗewa, har wasu muka dakatar da su. Dole a ja layi a ce daga maki kaza zuwa sama kada a ba mutum. Aka ce ni na fi kowa sanin marasa lafiyar, ni zan ja layin. Na ja shi inda ya dace. Baba yana can bayansa, ba ma kusa ba.

Lokacin da na fara binciken nan, yatsansa ɗaya ne kawai ke rawa. Da a ranar akwai maganin, da yanzu wataƙila yana aske katako. Na bar su suna shan lemo na koma ofis na rufe ƙofa. Mutane suna ta ƙwanƙwasawa su ce barka, ina amsawa daga zaune.

Kada ki gaya masa komai tukuna. Ban san ta inda zan fara ba.

Ƙanwarki,
Auta


Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Yaya kuka ƙara ji da jikin Baba? Na ji daɗi da kika ce tarin da yake yi in ya sha ruwa ya ragu. Ki ci gaba da zaunar da shi sosai kafin ki ba shi.

Takardar binciken ta fito a mujallar likitoci, sunana a farko. An gayyace ni taro, na tsaya gaban ɗaki cike da mutane, aka tafa. Da na sauka, kowa ya ciro waya yana kiran gida. Ni ma na ciro tawa na riƙe a kunne don kada a ga ba ni da wanda zan kira.

Na karanta saƙonki ya fi a ƙirga. Kin ce tunda ɗanki ya ga labarin maganin a waya ya yi suɓul da baka, Baba ya sa an wanke masa rigarsa mai kyau, kullum yana zaune yana fuskantar ƙofa. Kin ce in kawo ƙwayar nan da babu komai a ciki, mu ce masa ita ce maganin, ya samu abin da zai riƙe a zuciya. Kin ce ni ba ni nake kallon idonsa kowace safiya ba, don haka kada in yi miki wa'azi. Ba zan yi ba. Ke kike wanke shi, ni takarda nake rubutawa.

Kuma kin fi kusa da gaskiya fiye da yadda kike zato. A gwajinmu, masu shan ƙwayar banza ma sun ɗan ji sauƙi na wani lokaci, saboda sa rai kawai. Na gani da idona. Har na je ɗakin ajiyar magani na tsaya gaban kwalaben da suka rage, ina kallonsu kamar mai sayen tumatir.

Amma Yaya, duk wanda ya shiga gwajin nan, na zaunar da shi na ce masa wataƙila abin da zai sha ba magani ba ne, ya ji, ya yarda. Baƙi ke nan, waɗanda ban haɗa komai da su ba. Sai Baba ne zan yi wa abin da ban yi wa baƙo ba? Kuma sauƙin ba ya daɗewa. In ya wuce, kin san halinsa, ba zai ce maganin 'yarsa ne bai yi ba. Cewa zai yi jikinsa ne ya ba ni kunya, ya haɗiye abin shi kaɗai.

Na sa wata takarda a cikin ambulan ɗin nan, tasa ce. Ki karanta masa. Ki yi fushi da ni in kin so, na saba, amma ki karanta.

Taki har kullum,
Auta


Baba,

Ina durƙusawa ina gaishe ka. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Baba, an gama aikin. Maganin ya samu, kuma yana taimakon mutane. Jiya wata tsohuwa da nake dubawa ta ɗaure igiyar takalminta da kanta a gabana, ta ɗago tana dariya. Da kuɗin guminka na yi karatun da ya kai ga wannan, don haka kana da rabo a dariyarta.

Amma kai ba zai yi maka amfani ba. Ciwonka ya wuce inda maganin yake kamawa, in ka sha sai dai ya cutar da kai. Ba laifin jikinka ba ne, ba kuma don ka gaza jira ba. Ka jira fiye da yadda ya kamata a ce uba ya jira. Ni ce ban gama da wuri ba, kuma na yi iya gudun da zan iya.

Na san Yaya za ta so ta tsallake wannan wurin. In ka ji muryarta ta yi sauri, ka sa ta koma baya.

Na ɗauki hutu mai tsawo, ina tafe ƙarshen watan nan. Babu kwalba a jakata, Baba, ni kaɗai ce. In za ka yi baƙin ciki, ka dakata in iso mu yi tare. Ni ma tunda abin ya faru ban samu wanda zan yi kuka a gabansa ba.

'Yarka,
Auta