Garmahon Aji Shida

Litinin, 7 ga Mayu, 1956
Jirgin ƙasa na safe ya kawo akwati daga Kaduna. Garmaho ne da fayafai na koyar da Turanci. Alexander, wanda ni na riƙe hannunsa ya koyi rubutu, yanzu shi ne hedimasta. Ya ce daga yau darasin magana na injin ne. Aikina in murɗa masa hannu.

Alhamis, 10 ga Mayu
Bara suka ɗauke mini insha'i, wai jan birona na kashe wa yara zuciya. Karatu kuma suka ba Malama Regina. Saura shifta da magana, ga shi maganar ma za ta tafi. Abu ɗaya ne muka koya a mishan, yau an yanka shi kamar naman kasuwa.

Talata, 15 ga Mayu
Baturen cikin faifai yana faɗi, yara suna maimaitawa. Ba ya jin wanda ya yi kuskure. Ni ina ji, an hana ni magana.

Lahadi, 20 ga Mayu
Bayan sujada na tare Alexander. Na ce ya mayar mini da darasina kafin sufeto ya zo, in ba haka ba me ya rage mini? Ya sunkuyar da kai. "Baba Kumai, yaranka suna rubutu kamar littafi, amma a ofishin reluwe ba a gane abin da suke faɗi." Ko gaisuwar matarsa ban amsa ba.

Juma'a, 25 ga Mayu
Sufeto ya zo, ya yabi injin. Ni ya tambaye ni ko alluran garmahon sun isa. Darasin magana ya tafi ke nan.

Laraba, 30 ga Mayu
Yau na saurara, don dai ba abin yi. Akwai kalmomin da ban taɓa jin su daga bakin mai harshen ba. A takarda na san su. Ba haka nake faɗin su ba. Ko Baturen ne ya yi kuskure?

Asabar, 2 ga Yuni
Rufin ajin yana yoyo, shi ya sa na kawo injin gida. Na cusa masa tsumma don kada maƙwabta su ji. Matata Edna ta leƙo daga madafa, wai da wa nake ta maimaita magana ɗaya tun safe? Na ce mata allura nake gwadawa.