Fankar Oba-obar Ɗakin Magani

Zango ta Daura,
19 ga Afrilu, 1977.

Zuwa ga Yayana Badaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan kai da Safiyatu da yara kuna lafiya a Ikko. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku. Inna tana nan da sauƙi, sai ƙafar da ka sani. Ƙanwarmu Hasana ta yaye ɗanta.

Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Kawu Ɗantsoho rasuwa ranar Talatar da ta wuce, kuma ina so ka ji yadda abin ya faru daga bakina. Ka san oba-obar da aka kafa a ɗakin maganin ƙauyenmu, wadda nake kiran motar asibiti da ita daga Daura. A bayanta akwai 'yar fanka, faɗin tafin hannu, mai fitar da zafin cikinta. Tun watan jiya fankar ta fara kuka, daga baya ta tsaya cik. Na rubuta takarda sau biyu, aka ce sai an aiko daga waje. Tun daga nan, in na kunna na'urar ta yi minti goma, sai ta ɗau zafi ta mutu, sai ta huce kuma ta tashi.

Ran nan da hantsi na tsaya karanta wa Daura jerin magungunan da suka ƙare mana, har ta mutu a hannuna. Ko rabin awa ba a yi ba aka shigo da Kawu a kan jaki, kububuwa ta sare shi wajen sharar gona. Ba mu da allurar dafi. Rana ta take, kwanon rufi kamar zai narke. Na kwance murfin na'urar, na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, Maiturare matar Kawu ta durƙusa tana yi wa ƙarfe fifita da faifai, mijinta yana kwance a bayanta jini na fita ta dasashinsa. Ta ce in gaya mata inda za ta fi kaɗawa. Da na kunna, Daura ta amsa, na faɗi sunan gari, sai warin ƙonewar waya ya tashi. Mati maƙwabcinmu ya hau keke ya tafi Daura kiran mota. Motar ta iso bayan la'asar, ta tarar muna haƙa kabari.

Kawu bai fita hayyacinsa ba sai can ƙarshe. Ya ce a gaya maka ya yafe maka rashin zuwanka da Sallah. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma jerin magungunan nan zai iya jira har yamma, kuma ni na kunna na'urar.

Ka taɓa gaya mini injin lissafin kamfaninku fankoki ne jere a cikinsa. Don Allah ka tambayi masu gyaransa ko za a sami ƙarama mai aiki da batirin mota, da wanda zai duba wayar da ta ƙone. Na zana girman fankar a bayan takardar nan. Sanƙarau ya ɓulla a ƙauyuka biyu kusa da mu, yanzu keken Mati kaɗai gare mu.

Inna da Maiturare da Hasana suna gaishe ka. Ka gaida Safiyatu da Kubura da Hussaini. Ka sa Kawu a addu'a.

Naka ƙani,
Ma'aruf