An Kulle Filin Hasana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Salihu, a Kumasi. Rabon da in sa a rubuta maka takarda tun shekarar da jirgi ya faɗo a Gwammaja, don haka ka san ba ƙaramin abu ne ya sa na zaunar da 'yata Bahijja da biro ba. A waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya sawwaƙe maka ciwon gwiwar nan. Mu nan Madabo lafiya lau, sai tsufa.

Maganar Filin Hasana ce. Ka san kakarmu Hasana ta hana a yi gini a wurin, ta ce a bar wa unguwa don sallar gawa. A gabana ta faɗa, ina riƙe mata buta. A nan aka sallaci Baba, a nan aka sallaci Inna. To bara wasu masu tsara birni suka zo da zane, wai Kano ta cika ta batse, kowace unguwa sai an yi mata wurin shan iska da hanyar motsa jiki. Ɗanka Nazeer, da yake shi ne shugaban samarin unguwa, shi ya yi musu jagora. Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun kwashe bolar da ta fara cin gefen filin. Amma suka zagaye shi da ƙarfe, suka shuka wata ciyawa da ko akuya ba ta ci, suka yi wata siririyar hanya mai lanƙwasa kamar maciji, inda masu tumbi ke zagayawa da yamma ba inda za su. Ƙofa kuma a kulle sai bayan la'asar.

Ranar Alhamis da safe Malam Ɗahiru mai ɗinkin hula ya rasu, Allah ya jiƙansa. Muka ɗauko shi, muka iske ƙofa a garƙame. Mai gadi ya ce makulli na wurin Nazeer, shi kuwa ya tafi ɗaurin aure Kaduna. Ya ƙara da cewa ko an buɗe, an hana taka ciyawa. Salihu, a kan titi muka sallaci mutumin nan. Kansa na dab da kwata, wari na tashi, 'yan adaidaita sahu na ta danna mana hon, har wani ya leƙo yana cewa mu yi sauri yana da fasinja. Ta cikin ƙarfen kuwa ga fili nan kore shar, ba kowa sai famfo yana ta juyi yana ba ciyawa ruwa.

Da Nazeer ya dawo na kira shi zaure. Ya durƙusa, ya ba da haƙuri kan makulli, amma ya ce in fahimta, zamani ya canza, gawa sai a kai masallaci. Masallacin da ko sahu uku ba ya ci! Ya ce kuma babu takardar da ta nuna nufin Hasana. Na ce masa ya je ya tambayi wurin da aka shimfiɗa mahaifiyarsa ko da takarda aka shimfiɗa ta. Ya sunkuyar da kai, makullin kuma har yau yana aljihunsa.

Ban ce a tone ciyawarsu ba. A cire kwaɗon, a bar mamaci ya shiga duk sa'ar da ya zo. Ni ne babba yanzu a layin nan, kuma ban yarda a ajiye ni a bakin kwata ba. Ɗanka ne, ka kira shi, wataƙila ya ji taka.

Ka gaida Hajiya Yagana da yara, da Malam Modu maƙwabcinka. Matata Indo da Bahijja suna gaishe ka.

Ni dai gobe in Allah ya kai mu, ana idar da sallar asuba zan sa a ɗauko mini makarar masallaci, in jingina ta a ƙofar filin, in shimfiɗa buzuna a gefenta. Duk mai son shiga shan iska sai ya wuce ta gabanmu, ni da ita. Ba zan tashi ba sai an cire kwaɗon.

Wassalam. Yayanka,
Ɗantani