Ƙafar Baba a Kan Birki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Inna ma tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko zafin ranar can ya bar maka sauran fata. Tunda inda kuke kafa farantan sola waya ba ta shiga, dole na koma biro da takarda. Direban da ke kai muku kaya zai miƙa maka.

Yaya, motar Baba ta kusa kashe mu. Ranar Talata na ɗauki Inna za mu asibiti gashin ƙafarta, karon farko da na tuƙa motar da kaina tun da ka sauya ta. Mun fita lafiya lau, shiru kamar kullum tun da ka cire mata inji ka mayar da ita ta lantarki, ba a jin komai sai ɗan gurnanin nan na ƙarƙashin bonet. Muna tsakiyar gangaren layinmu, daidai shagon mai walda, birki ya ƙi. Tauri ya yi, kamar na taka bulo. Na miƙe a kansa da iya ƙarfina, na fizgi birkin hannu, sannan muka tsaya, hancin motar a cikin teburin mai lemo. Lemo har bakin kwalbati. Inna ba ta yi ihu ba, ta dai riƙe ƙofa tana salati, kuma har yau ba ta ce mini komai a kai ba. Da ta yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

Abin haushi, bayan mun ɗan tsaya na sake takawa, sai ga shi da laushi kamar bai taɓa laifi ba.

Labari ya riga mu zuwa wajen Baffa. Ka san dama tun ranar da ka sauke injin yake cewa ka mayar da motar ɗan'uwansa abin wasan yara. Ya zo ya zauna a kujerar Baba ya yanke hukunci: in wata ya ƙare ba a gano ciwonta ba, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ja ta. Ni ba zan iya kallon ana jan ta ba, Yaya. Na kasa zaune na kasa tsaye, sai in buɗe bonet in rufe, ban ma san abin da nake nema ba. Ka faɗa mini abin yi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata fatar tana nan, ta dai ƙara dahuwa. A tsaye na karanta takardarki, kuma na gode wa Allah da abin ya tsaya a kan lemo.

Ki natsu ki ji. A cikin bonet, daidai bayan fedar birki, akwai wata baƙar tukunya. Muddin an zuƙe iskar cikinta, ita ke taya ƙafarki danna birki. Da can inji ne ke zuƙewa, yana tafiya yana zuƙa, ba wanda ya roƙe shi. Da na cire shi sai na sa ƙaramin famfon lantarki ya karɓi aikin, da ɗan tanki a gefensa. Gurnanin da kike ji nasa ne. In birki ya yi tauri, iska ta cika tukunyar ke nan. Ko famfon ya tsaya, ko wani wuri yana yoyo.

Ki murɗa makulli kada ki taɓa komai. Ya kamata famfon ya ɗan yi kuka ya yi shiru. In bai motsa ba, ki duba fis ɗin da na ɗaura wa jan zare. In ya ƙi yin shiru, ko yana tashi shi kaɗai kina zaune, to yoyo ne: ki bi tiyon da hannu daga famfo zuwa tanki zuwa tukunya, kina kasa kunne. A tsakiyar tiyon akwai ɗan bawul mai barin iska ta fita ya hana ta dawowa. Ki cire shi ki hura, ta gefe ɗaya kawai ya kamata iska ta bi.

Kada ki sake ɗaukar Inna sai mun gano. In kuma za ki kai wa bakaniken nan na bakin kwana, Gobe-da-Safe, ki tsaya a kansa, kada ya yanke mini waya ko ɗaya. Baffa ki bar ni da shi.

Allah ya tsare.
Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, amma yau gajeriya ce, raina a ɓace yake.

Na yi duk abin da ka ce. Famfo ya yi kuka ya yi shiru kamar ɗan kirki. Fis lafiya. Na bi tiyo da hannu har na ƙare da baƙin mai a haɓa, na hura bawul har kunnuwana suka toshe, ta gefe ɗaya yake bi. Na zauna a ciki ina jiran famfon ya tashi shi kaɗai, ni ce ma na gaji na tashi.

Na kai wa Gobe-da-Safe, kuma bai ba sunansa kunya ba, sai da na yi ta sintiri. Da ya ga zan kwana a garejin ya canza tiyo, ya canza bawul, ya ce ko ba ciwo a sha magani. Sannan ya shiga ya gangara layinmu da hannu ɗaya a waje yana gaisa da mutane, ya dawo, ya sake gangarawa. Birki cak. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Hajiya, motar nan ba ta da ciwo. A duba direba." Wallahi don dai ya girme ni ne.

Na karɓa ni kaɗai na gangara don in ƙaryata shi. Yaya, daidai shagon mai walda ya sake komawa bulo. Wannan karon ban taɓa kowa ba, don mai lemo yana hango ni ya ja teburinsa ciki. Yanzu duk layin haka suke, in na fito sai ka ji ana kiran yara.

Inna ta rasa zuwa gashin ƙafa sau ɗaya, masu motar haya sun ƙi hawowa layinmu. Da aka samu wanda ya yarda, ramukan hanya sun girgiza mata ƙafa har ta kwana tana nishi. Mai ƙarafan ya zo ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa kamar mai zaɓen kankana. Wata ya raba tsakiya, ni kuma ban san inda zan sake dubawa ba.

Auta

*

Zuwa ga ɗana,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Takardarka ta same ni, na kuma ji roƙonka.

Ni ba maƙiyin motar nan ba ne. Tare muka je da mahaifinka ranar da ya sayo ta. Amma amanar mahaifiyarku da ƙanwarku a wuyana take tun da ya rasu, kuma ba zan tsaya gaban Allah in ce na bar su cikin abin da mai gyara ya ce lafiyarsa ƙalau, hanya kuma ta ce ƙarya ne ba. Ciwon da aka sani ana maganinsa. Wanda ba a sani ba shi nake tsoro. Ka kawo mini dalili in ji da kunnena, in gani da idona, sai in janye. In babu, maganata tana nan.

Allah ya yi maka albarka.
Baffanka

*

Auta,

Gaisuwa gare ki da Inna. Tun da takardarki ta zo ban yi aikin kirki ba. Jiya na ɗaura faranti a juye, shugaban aiki ya tambaye ni ko aure nake shirin yi. Na zana famfon da tankin a ƙasa da tsinke, na goge, na sake zanawa, ban ga inda iska za ta shiga ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Na daɗe ina gangara layin nan da motar kafin in taho, ba ta taɓa yi mini ba. Ba ta yi wa Gobe-da-Safe ba. Ke ta yi wa, kuma a wuri ɗaya. Kada ki haɗa ni da shi ki ƙi ni, ba cewa nake ba ki iya ba, kin fi ni hannu kowa ya sani. Amma ki rubuto mini abin da ƙafarki ke yi tun daga ƙofar gida har ƙasa. Kada ki tsallake komai, ko abin da kike ganin ba a faɗa.

Yayanki

*

Yaya,

Na amsa gaisuwarka don Inna ta ce in amsa.

Ƙafata tana yin abin da Baba ya koya mata, me kake so ta yi? A gangaren nan ya koya mini, a motar nan. Yakan ce birki ba a danne shi, lallashinsa ake yi, in ka danne ya yi zafi ya bar ka a hanya. Taka, saki, taka, saki, da sauri-sauri, tun daga ƙofar gida har ƙasa. Yana zaune a gefena yana buga zobensa a jikin ƙofa, kowane bugu taku ɗaya. In na yi daidai ba ya yabo, sai dai ya gyara hula ya kalli waje, ni kuma na san na ci.

Har yau ina jin zoben nan in na kama gangara. Inna ma ta haddace, tana zaune a wurinsa tana faɗa ƙasa-ƙasa, taka, saki, ba ta ma san tana yi ba. Shekaru na yi ina tuƙa motar nan haka tana da inji, ko kaza ban taɓa takawa ba.

To ga abin da ƙafata ke yi. In laifi ne, ka je ka faɗa wa mai shi.

Auta

*

Auta ƙanwata,

Ki gaishe da Inna. Ki zauna kafin ki karanta, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga.

Na gano. Duk taku ɗaya da saki ɗaya iska ce ke shiga tukunyar nan. Inji maƙogwaronsa babba ne, kuma a gangara ya fi zuƙa, ko sau nawa kika taka zai shanye. Famfona ɗan ƙarami ne. Kina zuba masa da bokiti yana kwashewa da cokali. Daga ƙofar gida zuwa shagon mai walda kin cinye abin da tanki ya tara, sai birki ya koma bulo. Kina tsayawa ya samu sarari ya zuƙe, shi ya sa yake dawowa da laushi.

Baba bai yi kuskure ba, motarsa ya sani, kuma ya san ta ciki da waje. Cikin nata ne ya canza. Ni abin bai taɓa zuwa mini a rai ba don bai koya mini tuƙi ba. Kin tuna, ranar farko muka yi musu tun ba mu bar ƙofar gida ba, ya ce in sauka. A wajen wasu na koya. Da na karanta zancen zoben nan sai da na fita bayan tanti na ɗan tsaya, don ni ban taɓa jin sa ba.

In na dawo zan sa mata babban tanki. Kafin nan, ki jira famfo ya yi shiru sannan ki tashi. Ki shiga gangara a hankali, ki ɗora ƙafa ki riƙe, ki ƙara ko ki rage ba tare da kin ɗaga ba. Gangarenmu gajere ne, birkin kuma sabo na sa, ba zai yi zafi ba. Ki gwada ke kaɗai tukuna, hannunki kusa da birkin hannu. Na rubuta wa Baffa ya zo ya gani da idonsa.

Na san abin da nake roƙonki ba ƙarami ba ne.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban yaga ba, amma na yi kwanaki ban kula motar ba. Daga baya na gwada ni kaɗai yadda ka ce, ta tsaya.

Ranar Talata Baffa ya zo. Na ce Inna ta jira, ta ce ƙafarta ce ko tawa, ta shiga gaba. Baffa a baya, ya riƙe kujera da hannu biyu. Muna kama gangara Inna ta fara, taka, saki. Ƙafata ta nemi ɗagawa, na danne ta, ina jin kamar Baba nake yi wa rashin kunya. Muka wuce mai walda, muka wuce mai lemo yana rungume da teburinsa, muka tsaya a ƙasa cak.

Baffa ya yi gyaran murya ya ce madubin gefe ya karkace, a gyara. Da yamma ya aika wa mai ƙarafa kada ya zo.

A ƙofar asibiti na kifa kai a sitiyari na yi kuka mai isata. Inna ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ni zan ci gaba da faɗa, na saba. Ke kada ki saurare ni."

Motar tana nan a inda Baba ke ajiye ta. Ka taho da tankin.

Ƙanwarka,
Auta